Yadda Ake Gina Badaƙalar Cin Hanci a Ƙasar Ƙirƙira

Yawancin labaran satar dukiyar gwamnati tun daga tushe suke rushewa. Minista yana zaune a ofis, ya ɗaga waya ya ce a tura masa biliyan goma, a tura, ɗan jarida ya jiyo, asiri ya tonu, a ɗaure shi. Mai karatun da ya saba bin labarai zai rufe littafin a shafi na ashirin, domin ya san ba haka ake yi ba. Kuɗin gwamnati ba ya fita sai da takarda, takarda ba ta motsi sai da sa hannu, kuma duk mai sa hannu yana da bakin da sai an toshe. Don haka kafin ka rubuta jimlar farko, zauna ka yi lissafin satar tamkar kai ne akantan ɓarayin. Taurari da rikici da ƙarshen labari duk daga wannan lissafin za su fito.

Ƙasar da kanta

Ba sai ka zana taswira da koguna da tarihin shekara dubu ba. Amsa tambaya huɗu kawai. Daga ina gwamnati take samun kuɗi? Su wa ke sa hannu kafin a fitar da shi? Wa ke bincikar masu sa hannun, kuma wa ya naɗa shi? Ta wace hanya doka ta ce a cire shugaba?

Ta farkon ce mai nauyi, don ita ke zaɓa maka irin satar. Idan ƙasarka da mai ko ma'adini ta dogara, ɓarnar tana cikin kamfanin gwamnati da 'yan kwangilarsa, kamar yadda aka gani a Petrobras na Birazil daga 2014. Idan kuɗin fito ne ke riƙe da ita, ɓarnar tana tashar jiragen ruwa: a Gwatamala masu shigo da kaya lambar waya suke kira a rage musu haraji su ba da cin hanci, kuma wannan ne ya kai Shugaba Otto Pérez Molina ga murabus a Satumban 2015. Idan kuwa ƙasa ce mai neman rance, sai ka duba Mozambik, inda kamfanoni uku na gwamnati suka ciyo bashin kusan dala biliyan 2 tsakanin 2013 da 2014, gwamnati ta tsaya musu ba tare da amincewar majalisa ba, jiragen kamun kifin da aka sayo suka yi ta tsatsa a tashar Maputo.

Rubuta adadin kasafin ƙasar na shekara a saman takardarka. Nan marubuta kan yi tuntuɓe: a saci miliyan 40 a ƙasar da kasafinta ya kai miliyan 5,000, sannan a ce darajar kuɗi ta faɗi warwas. Ba zai yiwu ba. Bashin Mozambik ya haura kashi 10 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, shi ya sa ya girgiza ta. Ƙaramar sata tana iya kayar da gwamnati, amma ba ta kayar da tattalin arziki.

Lissafin

Mu ɗauki kwangilar gada a matsayin misali. Ainihin kuɗin aikin, har da ribar ɗan kwangila, miliyan 60 ne a kuɗin ƙasarka. An bayar da ita a kan miliyan 100. Aringizon miliyan 40 kenan, kuma dole ka san inda kowane miliyan ya shiga. Ga rabo mai ma'ana: minista 15, asusun yaƙin neman zaɓen jam'iyya 10, ƙarin ribar ɗan kwangila 5, babban sakatare 4, masu wanke kuɗin 3, shugabannin kwamitin majalisa mai sa ido 2, injiniyoyi da akantoci su raba 1. Dubi wannan 1 na ƙarshe da kyau. Mutum goma ne ko fiye suke raba shi, su ne hannunsu ke kan kowace takarda, su ne kuma za a fara kamawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda zai tona asirin yana cikinsu.

Ta yaya aka ba kamfanin da ake so? Zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta. Ko dai a tallata kwangilar kamfanoni uku su nema, ukun kuma na mutum ɗaya ne, biyu su saka farashi mai tsada da gangan. Ko a rubuta sharaɗin da kamfani ɗaya ne tak zai iya cikawa. Ko a daddatsa aikin ƙanana-ƙanana, kowanne ƙasa da adadin da doka ta ce sai an kai majalisar ministoci. Ko a ce aikin gaggawa ne saboda ambaliya, ba lokacin talla. Kowace hanya da sawun da take bari. Ta kamfanoni uku, alal misali, takan bar adireshi ɗaya ko lambar waya ɗaya a takardun rajista, wani lokacin ma kuskuren rubutu iri ɗaya a takardun neman kwangilar duka uku, domin sakatare ɗaya ne ya buga su a dare ɗaya.

Yanzu ga abin da ke haɗa satar da faɗuwar gadar, wanda galibi ake tsallakewa. An biya ɗan kwangila kafin alƙalami miliyan 30. Manyan ba sa jiran a gama aiki, a ranar suke son nasu, sai 25 ya fita. Da miliyan 5 zai kai injuna wurin aiki. Ya ci bashin banki da ruwa mai tsada, biya na biyu ya makale wata takwas a ma'aikatar kuɗi saboda wani a can bai samu nasa ba. To a ina zai cike giɓin? A cikin kankare, inda ido ba ya gani. Rodi mai kauri milimita 16 ya koma mai 12. Haɗin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu ya koma ɗaya, uku, shida. A ƙa'ida ana zuba samfurin kankaren a ƙananan akwatuna, a murƙushe shi a ɗakin gwaji bayan kwana 28 a auna ƙarfinsa. A labarinka ba a gwada komai ba, an dai buga sakamako, kuma lamba ɗaya ce a kan samfur talatin. Ka sa injiniyar da aka miƙa wa takardar shaidar kammala aiki ta lura da wannan, biro a hannunta, direban babban sakatare yana tsaye a bakin ƙofa yana jira. Wannan shafi ɗaya ya fi babi biyar na jawabi a kan illar rashawa.

Kada ka ɗauka sai aringizo mai yawa ne ke yin badaƙala. A Petrobras kaso 1 zuwa 3 cikin 100 ake yanka, amma a kan manyan kwangiloli, shekara da shekaru. Mai yankan kaso kaɗan ya fi daɗewa, kuma labarinsa ya fi wuyar rubutawa, don gada ba ta faɗuwa.

Hanyar da kuɗin ya bi

Tsabar kuɗi tana da nauyi. Takardar dala gram ɗaya ce, saboda haka dala miliyan ɗaya a takardun ɗari-ɗari kilo 10 ce, miliyan 10 kuwa kilo 100. Ba ya shiga jakar hannu. Idan tauraronka tsaba ya karɓa, ka ba shi ɗaki, ka ba shi mai gadin ɗakin, ka ba shi tsoron danshi da gara. A 2017 'yan sandan Birazil sun tarar da tsabar kuɗin da darajarta ta haura miliyan 51 a kuɗin ƙasar cikin akwatuna da kwalaye a wani gida a birnin Salvador da aka danganta da wani tsohon minista.

Mai wayo ta takarda yake bi. Ɗan kwangila ya biya wani kamfanin ba da shawara kuɗin aikin da ba a yi ba. Kamfanin da sunan surukin minista ko direbansa aka yi masa rajista. Daga nan kuɗin ya wuce wani kamfani a ƙasar da ba ta bayyana masu kamfanoni, ya zama gida da sunan matar ministan, ko ya dawo masa a matsayin rance. Zango uku sun isa. Idan suka wuce haka mai karatu zai ɓace. A kowane zango ka rubuta wa kanka ranar, adadin, bankin da wanda ya sa hannu, ko da rabinsu ba za su shiga littafin ba.

Kuma ka sa ɓarayin su ajiye nasu lissafin. Wannan ba dabarar marubuci ba ce, haka suke yi, domin ba su yarda da juna ba. Kamfanin gine-gine na Odebrecht na Birazil sashe guda ya ware don biyan cin hanci, da tsarin kwamfutarsa daban, da laƙabin da aka ba kowane mai karɓa. A 2016 ya amsa a gaban hukumomin Amurka cewa ya biya kimanin dala miliyan 788 a ƙasashe 12. Vladimiro Montesinos, wanda ke juya hukumar leƙen asirin Peru, da kansa yake ɗaukar bidiyon waɗanda yake ba kuɗi don ya riƙe su a hannu.

Wa ya san me

Zana jadawali: sunayen taurari a gefe, sirrika a sama, ka sa alama inda mutum ya sani. Babu wanda ya kamata ya san komai, har ministan. Akanta ya san adadin bai san inda ya tafi ba. Direba ya san gidan bai san adadin ba. Dillalin da ke tsakani shi ya fi kowa sani, shi ya sa shi ne ya fi kowa shiga hatsari. Mai bincike zai harhaɗa ne daga bakin mutum huɗu ko biyar, kowa da guntunsa, kowa kuma da dalilinsa na yin ƙarya.

Ka ba ministan dalilin da ya wuce haɗama. Bashin zaɓe ne a wuyansa, akwai waɗanda suka kashe masa kuɗi suna jiran a biya su, akwai zaɓe mai zuwa. Haka mai fallasar, kada ka yi shi waliyyi. Mafi yawa an cuce shi ne a rabo, ko an yi masa ungulu da kan zabo, ko ya hango cewa shi za a miƙa.

Inda ɓarakar ke farawa

Daga ƙaramin abu. A daren 17 ga Yunin 1972 mai gadi ne ya ga an liƙa salatif a makullin wata ƙofa a ginin Watergate da ke birnin Washington, aka kama waɗanda suka kutsa ofishin jam'iyyar adawa. A Milan, ranar 17 ga Fabrairun 1992, an kama Mario Chiesa, shugaban wani gidan kula da tsofaffi, yana karɓar lira miliyan 7 daga mai kamfanin shara, kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Shugaban jam'iyyarsa Bettino Craxi ya fito ya nesanta kansa da shi, ya nuna ɓata-gari ne shi kaɗai. Chiesa da ya ga an yar da shi sai ya buɗe baki. Cikin shekara biyu manyan jam'iyyun da suka mulki Italiya tun bayan yaƙin duniya sun watse, Craxi ya tsere Tunisiya inda ya rasu a 2000. Binciken Petrobras na Birazil, Lava Jato wato wankin mota, daga wani gidan mai a Brasília ya samo sunansa, inda 'yan canji ke juya kuɗi. A Malawi a 2013 an kama ƙaramin ma'aikaci da maƙudan kuɗi a bayan mota, aka harbi daraktan kasafi, sannan komai ya fito. A Pakistan takardar da iyalan Firaminista Nawaz Sharif suka gabatar wa masu bincike tana ɗauke da kwanan watan 2006, amma an buga ta da salon haruffan Calibri, wanda bai shiga kasuwa ba sai 2007.

Ka dasa naka ƙaramin abin tun babin farko, inda mai karatu zai gan shi ya wuce.

Sannan ka bambance abin da jarida za ta iya bugawa da abin da kotu za ta karɓa. Hoton takarda a waya ya ishi edita idan majiya biyu sun tabbatar. Alƙali kuwa zai tambayi asalin takardar, da wanda ya ɗauko ta, da hannun da ta bi. Hujja mai ƙarfi ita ce takardu uku daga wurare uku da suka dace da juna: takardar biya daga ma'aikata ranar Litinin, bayanin asusun kamfanin bogi da ke nuna shigar kuɗi ranar Laraba, da rajistar kamfanin mai ɗauke da sunan suruki. Tazarar da ke tsakanin abin da kowa ya sani da abin da za a iya tabbatarwa ita ce tsakiyar littafinka.

Bayan asiri ya tonu

Martanin masu mulki yana da jeri, ka bi shi. Shiru na kwana biyu ko uku. Musu ta bakin kakaki. A ce bita-da-ƙulli ne na 'yan adawa ko makircin ƙasashen waje. A tono laifin mai fallasar, a maka jaridar a kotu. A kafa kwamiti a ba shi wata uku. A dakatar da darakta ɗaya da akanta biyu. Fayil ya ɓace, ko ɗakin ajiyar takardu ya kama da wuta. A sauya wa mai bincike wurin aiki da sunan ƙarin girma. Sau da yawa yunƙurin rufa-rufar ne ke haifar da laifin da ya fi sauƙin kamawa: a badaƙalar Watergate, Shugaban Amurka Nixon ya sa an kori mai bincike na musamman Archibald Cox a Oktoban 1973, kotun ƙoli ta tilasta masa miƙa faya-fayen muryarsa a Yulin 1974, ya sauka ranar 9 ga Agusta. Wata 26 kenan daga daren salatif. Idan labarinka ya gama komai cikin mako biyu, ka sake duba kalandarka.

A wasu wuraren rufa-rufar takan kai ga jini. An kashe 'yar jarida Daphne Caruana Galizia da bam a motarta a Malta a Oktoban 2017, an harbe ɗan jarida Ján Kuciak da budurwarsa a Silobakiya a Fabrairun 2018. A duka ƙasashen biyu zanga-zangar da ta biyo baya ta kai firaminista ga sauka. Idan za ka kashe ɗan jarida a labarinka, ka san cewa ka canza littafin gaba ɗaya. Ba abu ne da za a yi a wuce ba.

Shugaba ba ya faɗuwa ranar da hujja ta cika. Yana faɗuwa ranar da na kusa da shi suka yi lissafi suka ga riƙe shi ya fi sakinsa tsada. Saboda haka ka rubuta dokar tsigewa da lambobi: kujeru nawa ne a majalisa, nawa ake buƙata, nawa jam'iyyarsa ke da su, mutum nawa ne za su juya baya, me aka yi wa kowannensu alkawari. A Koriya ta Kudu 'yan majalisa 234 cikin 300 ne suka kaɗa ƙuri'ar tsige Shugaba Park Geun-hye a Disambar 2016, adadin da ba zai cika ba sai da 'yan jam'iyyarta, kotun tsarin mulki ta tabbatar a Maris 2017. Jacob Zuma na Afirka ta Kudu jam'iyyarsa ce ta ce ya sauka a Fabrairun 2018. Shugaban Peru Fujimori kuwa, wata biyu bayan an nuna bidiyon Montesinos yana ƙirga wa ɗan majalisa dala 15,000, daga Japan ya aiko da takardar murabus ta na'urar faks.

Abin da ke biyo baya

Shari'a tafiyar hawainiya take, kuma ba lallai ta kama mutum da babban laifin ba. Kotun ƙolin Pakistan ta sauke Nawaz Sharif a Yulin 2017 ne kan albashin wani kamfani a Dubai da bai bayyana ba. Firaminista Najib Razak na Malesiya ya faɗi zaɓe a 2018, an yanke masa shekara 12 a 2020, bai shiga kurkuku ba sai Agustan 2022, aka rage hukuncin zuwa rabi a 2024. Dawo da kuɗi ya fi haka jan ƙafa: Shugaba Marcos ya bar Filifin a 1986, kuɗinsa na bankunan Siwizalan ba su shiga baitulmalin ƙasar ba sai bayan hukuncin kotun ƙoli na 2003. Ka tanadi beli, da ɗage zama, da rashin lafiyar da ke tasowa ranar shari'a, da shaidar da ya canza magana.

Masu binciken ma ka bar musu tabo. An ɗaure tsohon shugaban Birazil Lula a 2018, aka soke hukuncin a 2021, kotun ƙolin Birazil ta ce alƙalin da ya yanke shi ya nuna son kai, ya dawo ya ci zaɓen 2022. Robert Fico, firaministan Silobakiya da ya sauka a 2018 ya koma kujerarsa a 2023. Ɗan Marcos ya zama shugaban ƙasa a 2022. Guguwar Italiya kuwa Firaminista Berlusconi ta haifar a 1994. Wanda ya fi cin ribar badaƙala sau da yawa ba ya cikin waɗanda suka tona ta, don haka ka ajiye wani tauraro a gefe tun farko, mai shiru, wanda zai gaji kujerar.

A ɓangaren tattalin arziki ka bi sarƙar daki-daki. Masu ba da tallafi su dakatar, kamar yadda aka yi wa Malawi a 2013 da Mozambik a 2016. Kuɗin waje ya yi ƙaranci, kuɗin gida ya faɗi, kayan da ake shigowa da su su yi tsada, gwamnati ta kasa biyan albashi a kan lokaci. 'Yan kwangilar da ba su ji ba ba su gani ba a daina biyansu saboda an rufe asusun ma'aikatar, su sallami leburori. Ma'aikatan gwamnati su ji tsoron sa hannu a kan komai, fayil ya yi wata shida a tebur ɗaya. Kada ka bayyana wannan da bakin masani a talabijin. Ka nuna shi a jikin mutum ɗaya da mai karatu ya riga ya sani: direban motar asibiti da ke zagaye kilomita 70 tun da aka rufe gadar, da mai naƙuda a baya.

Kafin ka miƙa rubutun

Idan ministanka ya yi kama da wani mai rai har kowa zai gane shi, canza sunan ƙasa ba zai kare ka daga ƙarar ɓata suna ba. Sauya ma'aikatar, da irin kwangilar, da adadin, da tarihin mutumin. Ka haɗa sassa daga badaƙala uku ko huɗu na nahiyoyi daban-daban. Sannan ka bi littafin da biro ka ja layi ƙarƙashin kowace lamba da kowane kwanan wata, ka gwada su da takardar lissafinka ta farko. Kuskuren da aka fi yi shi ne 40 ta babi na uku ta zama 45 a babi na goma, ko a biya kamfanin bogi kafin ranar da aka yi masa rajista. Wannan na biyun idan ka same shi, duba ko za ka bar shi da gangan ka miƙa wa mai bincikenka.